Takarda da Ƙashi: Yadda Aka Gano Makomar Kyaftin Lawrence Dickson

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare tun 1945, amma har yau akwai sojojin Amurka sama da 70,000 da ba a san inda gawarwakinsu suke ba. Hukumar DPAA, wadda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta kafa a 2015, ita ke da alhakin nemansu. Aikin yana tafiya ne a kan ƙafa biyu: takardun tarihi su nuna inda za a tona, ilimin halittu kuma ya faɗi ko ƙashin wane ne.

Kyaftin Lawrence Dickson yana cikin matuƙa jiragen yaƙi baƙar fata da aka horar a Tuskegee, jihar Alabama. Ranar 23 ga Disamba 1944 ya tashi daga sansanin Ramitelli na Italiya cikin jirgi samfurin P-51, domin rakiyar wani jirgin ɗaukar hoto zuwa Prague. Wannan ita ce fitarsa ta 68. A hanya injinsa ya sami matsala, jirgin ya faɗi cikin duwatsun da dusar ƙanƙara ta rufe. Shekarunsa 24 a lokacin.

Mataki na farko a irin wannan bincike shi ne duba rahoton da rundunar sama take rubutawa idan jirgi bai dawo ba. Rahoton yana ɗauke da lambar jirgin, da ta injinsa, da ta bindigoginsa, da bayanin waɗanda suka yi masa ganin ƙarshe. Darajar irin waɗannan rahotanni ta ƙaru bayan gobarar 1973 a ma'ajiyar takardun sojoji da ke St. Louis, wadda ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Sai dai shaidar ido tana iya kuskure. An daɗe ana zaton Dickson ya faɗi ne kusa da Tarvisio a Italiya, alhali takardun Jamusawa sun nuna faɗuwar wani P-51 a wannan rana a Hohenthurn, a tsallaken iyaka cikin Ostiriya.

A 2017 masu tono daga jami'o'in New Orleans da Innsbruck suka tankaɗe ƙasar wurin da rariya, suka samo tarkacen jirgi, da zobe, da gutsattsarin ƙashi. Daga nan aiki ya koma ɗakin gwaji.

Ƙashi da haƙori suna adana sinadarin gado na DNA shekaru masu yawa bayan nama ya ruɓe, ko da yake yakan kakkarye. Masana sukan niƙa ɗan guntun ƙashin, su tace sinadarin, su ninka shi ta hanyar da ake kira PCR har ya isa a karanta. Iri uku ake dubawa. Na farko yana cikin mitokondiriya, wato ɗakunan samar da kuzari na ƙwayar halitta. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, kuma da yake kowace ƙwaya tana da ɗaruruwan kwafinsa, ya fi saukin samu a tsohon ƙashi. Na biyu shi ne na kuromosom Y, wanda ɗa namiji ke gada daga ubansa. Na uku shi ne wanda mutum ke samun rabinsa daga uwa, rabi daga uba.

Abin lura ga ɗalibi a nan shi ne, 'ya mace ba ta gadon na farko ko na biyu daga mahaifinta. Da na uku kawai za a iya gwada ta da shi, sauran biyun kuwa sai an nemi dangi ta wajen uwarsa da maza ta wajen ubansa. Haka kuma na mitokondiriya ba ya bambanta mutum da ɗan'uwansa da suka fito ciki ɗaya, shi ya sa ake haɗa gwaje-gwajen da shaidar takarda.

A watan Yuli 2018 aka tabbatar cewa ƙashin na Dickson ne. Shi ne na farko da aka gano cikin matuƙan Tuskegee 27 da suka ɓace a yaƙin. Ranar 22 ga Maris 2019 aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, a gaban 'yarsa wadda ya bari tana ƙarama.