Jibiya: Yadda Maganin Kan Tire Ke Cinye Hanta

Duk wanda ya bi ta Magama, kan iyakar Jibiya da Jamhuriyar Nijar, zai ga masu tallar magani suna zagaya direbobi da 'yan dako da tire cike da ƙwayoyi a tsakar rana. Mai ciwon jiki ya miƙa kuɗi, a haɗa masa ƙwaya huɗu ko biyar, bai san sunan ko ɗaya ba. Hanta ce ke tace yawancin abin da ya haɗiya, ita ce kuma ke fara jin jiki.

Farasitamol ba shi da laifi in an kiyaye ƙa'ida: kada babba ya wuce giram 4 a yini. Amma sau da yawa yana cikin maganin mura da na ciwon jiki, sai mutum ya ninka shi bai sani ba. Magungunan tarin fuka irin su isoniazid, da wasu jiƙe-jiƙen gargajiya, su ma kan taɓa hanta.

Alamomin sun haɗa da tashin zuciya, kasala, fitsari mai duhu da ido ya koma ruwan ɗorawa. A nan ne jama'a kan ce shawara ce, a ƙara ɗura wa majinyaci saiwoyi. Gwajin jini na ALT da AST ne ke nuna ɓarnar, sannan a bincika ko ciwon hanta nau'in B ne.

Matakin farko shi ne likita ya dakatar da maganin da ake zargi. Gubar farasitamol tana da makari, N-acetylcysteine, wanda ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Don haka a garzaya asibiti tare da kwalin duk abin da aka sha. Hukumar NAFDAC da jami'an kwastan kuma su sa ido a kan wannan ciniki.