Idan Awo Ya Ce Babu B, Babu C, Amma Ido Bai Washe Ba

A Ushafa, da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, kowa zai ce shawara ce. Wani a haɗa masa jiƙo, wani a kai shi babban asibitin Bwari ko na Kubwa a ɗebi jini. Abin da ake fara nema shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B da C, kuma da hujja: binciken ƙasa na 2018 ya gano nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da takarda ta fito babu ko ɗaya. Sai a yi hamdala a koma gida, alhali kasala da ciwon gaɓoɓi suna nan daram.

Akwai ciwon hantar da ba ɗaukarsa ake yi ba. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta afka wa hantarsa. Likitan Suwidin, Jan Waldenström, ya bayyana shi a 1950, kuma ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Garkuwar kan bar sawu a jini, wasu sinadarai da awo ke kamawa. Daga cikinsu likita zai rubuta awon ANA da SMA. Idan yaro ne ya ƙara LKM1. AMA kuwa na nuna wata cutar daban mai lalata ƙananan hanyoyin ruwan matsarmama, wadda kan zo da ƙaiƙayi mai hana barci, kuma ana samun sa a jinin kusan mutum 9 cikin 10 masu ita.

Sai dai kada a ɗauki takardar a yanke wa kai hukunci. Lafiyayye ma ana iya ganin ANA a jininsa, mai ciwon kuma wani lokaci ba a ganin komai. Shi ya sa ake haɗawa da awon wani sinadarin garkuwa mai suna IgG, sau da yawa har a ciro ɗan tsokar hanta da allura a duba. Wannan aikin likitan hanta ne, a Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, ba na mai kemis ba.

Ciwon yana jin magani, galibi firednisolon da azatiyofirin, amma shan na shekaru ne, kuma yakan dawo idan aka yanke shi da ka. Mai zuwa ganin likita ya tafi da kwalayen duk abin da ya sha, har da gorar jiƙon, don wasu magungunan kan jawo ciwo mai kama da wannan sak.