Asma: Me Ya Sa Magani Ɗaya Ba Ya Yi Wa Kowa Da Kowa Aiki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a shekarar 2019, amma ba iri ɗaya take zuwa musu ba. Wani ƙurar hunturu ke tayar masa da ita, wata hayaƙin icce a madafa, wani kuma sai ya yi gudu ƙirjinsa ke ƙuntatawa. Ko a cikin huhu ma kumburin ya bambanta: akwai wanda rashin jituwar jiki da wani abu ke jawowa, akwai wanda ke tafe da yawaitar wasu fararen ƙwayoyin jini. Shi ya sa allurar omalizumab, da Amurka ta amince da ita a 2003, ba ta amfanar kowa, sai wanda gwaji ya nuna ta dace da shi.

Za a ce wannan gata ne na masu hali, tunda allurorin na da tsadar gaske. Gaskiya ne, sai dai yawancin masu asma ba sa buƙatarsu. Abin da suke buƙata shi ne likita ya gano abin da ke tayar musu da ita, ya duba yadda suke shaƙar magani (da yawa ba su iya ba), ya rubuta musu abin yi idan numfashi ya sarƙe. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin maganin asma a duniya, ta daina bai wa manya shawarar dogaro da maganin shaƙa na Ventolin kaɗai, domin buɗe hanyar iska kawai yake yi, ba ya rage kumburi. Duk mai shaƙarsa kusan kullum ya koma asibiti a sake duba shi.