In Garma Ta Ci Karo da Tukunyar Mutanen Da

A watan Afrilun 2010 wani Bature mai suna Dave Crisp yana yawo da na'urar gano ƙarfe a wata gona kusa da garin Frome a Ingila, sai ya faɗa kan wata ƙatuwar tukunya cike da tsabar kuɗin Rumawa. Bai ciro ta ba. Ya mayar da ƙasa, ya kira masana. Su suka kwashe kuɗin hawa-hawa, daga baki har gindi, suka ƙirga 52,503, galibi na ƙarni na 3 Miladiyya. Suka lura tukunyar ba ta da kaurin da za ta ɗauku da wannan nauyi, wato sai da aka binne ta kana aka yi ta zuba kuɗin. Da buhu Crisp ya kawo ya kwashe, wa zai san haka?

Mu a Wurno ba ma tsammanin kuɗin Rumawa, amma ƙasarmu ba fanko ba ce. Nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, nan ya rasu a 1837, nan kuma Bature matafiyi Barth ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853. Kuɗin wancan zamani wuri ne, wanda ke zuwa tun daga tsibiran Tekun Indiya. A Kano Barth ya tarar da 2,500 ake ba dalar azurfa guda. Ga yaƙi da Gobirawa, ga babu banki, ajiyar mai hali sai tukunya da rami.

Dubi liyari, azurfar nan mai hoton Mariya Tereza da mata ke ratayawa. An yi ta buga masa 1780 ko da shekara ɗari bayan nan aka ƙera shi, don haka lambar jikinsa yaudara ce. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne zurfin ramin, da tsingaro da gawayin da ke kewaye da shi, waɗanda mai haƙa ke watsarwa da ƙafa.

An kimanta tukunyar Frome fam 320,250, aka raba tsakanin Crisp da mai gonar. A ganina nan muke baya: muddin babu tukuici, dillali zai riga hukuma isa wurin manomi. Duk da haka, wanda garmarsa ta ci karo da irin wannan a fadamar Rima, ko a Rabah ko Goronyo, ya bar shi yadda yake, ya ɗauki hoto da waya, ya gaya wa hakimi, a sanar da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.