Ɗan Baiwar Da Ya Gagari Paris Da Gogen Turawa

A ƙasar Mayayi da Tasawa, in aka ce goge, hankali sai ya koma ga ƙwarya da izgar doki da wasan bori. Turawa ma suna da nasu, mai tsirkiya huɗu, wanda Faransawa ke kira biyolon. Kuma cikin manyan gwanayensa akwai ɗan baiwa.

Sunansa Joseph Bologne, amma an fi saninsa da Chevalier de Saint-Georges. An haife shi a tsibirin Gwadalup a 1745. Ubansa Bafaranshe ne mai gonaki, uwarsa Nanon kuwa baiwa ce baƙar fata. Tun yana yaro aka kai shi Faransa, inda ya fara yin suna a wasan takobi kafin a san shi da goge. A 1773 aka ba shi jagorancin ƙungiyar makaɗa ta Concert des Amateurs.

To, ga inda gizo ke saƙa. A 1776 aka kawo sunansa don ya shugabanci gidan Opera na Paris. Nan take mata uku, taurarin gidan, suka kai kuka wurin sarauniya Marie-Antoinette: mutuncinsu bai yarda su bi umarnin ruwa-biyu ba. Ba wadda ta ce bai iya ba. Asali suka tona, irin yadda ake yi wa mai goge a nan in ya je neman aure.

Ya janye, ya ci gaba da kiɗansa. Ya rasu a Paris a 1799. Sai a 2001 birnin ya sa wa wani titi sunansa.