Gajeriyar jitar bes a hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa

Yau hirarmu ta makaɗa ce, masu riƙe bes, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu da ke ba kiɗa kauri daga ƙasa. A yankinmu ba su da yawa, gaskiya. Biki a Bebeji ko Ƙiru yanzu na DJ ne da mai fiyano. Amma akwai su, a cikin mawaƙan coci na Tudun Wada da Doguwa, da samarin da ke haɗa kai su yi wasa a taro. In kana cikinsu kana tara kuɗin saye, saurara.

Bes iri biyu aka fi sani. Doguwar, tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, ma'aunin da Leo Fender ya fito da shi a Amurka a 1951. Gajeriyar inci 30. Bambancin inci huɗu kacal, wajen santimita 10, amma hannu yana jin sa. Daga gaɓa ta ɗaya zuwa ta huɗu a wuyan doguwa, yatsunka za su buɗe kusan santimita 13, a gajeriya kuwa 11 da ɗan wani abu. Mai ƙananan yatsu, ko yarinyar da ta fara koyo, ko wanda zai tsaya awa uku yana kaɗawa, ya san darajar wannan.

Kada wani ya ce maka ta yara ce. Paul McCartney na Beatles da gajeriya ya yi suna, samfurin Höfner. Fender ma da kansa ya fitar da Mustang Bass a 1966.

To, ga inda ta fi burge ni: tafiya. Ka sauka Kwanar Ɗangora, ka shiga motar haya mai cunkoso zuwa Tudun Wada, wataƙila ka ratsa dajin Falgore har Doguwa, sannan ɗan acaɓa ya ƙarasa da kai ƙauye. Doguwar bes a baya, kanta na leƙowa sama da naka, duk reshen da aka gifta sai gabanka ya faɗi. Gajeriya kan kwanta a cinya, yawanci kuma ta fi sauƙin ɗauka.

Sautinta fa? Tunda tsirkiyar ba ta ɗaure tamau ba, muryarta na da taushi da kauri, ga daɗin latsawa. Ta dace da zama ƙarƙashin ganga da kalangu ba tare da ta yi musu kutse ba. Illar ita ce tsirkiya mafi kauri kan yi ɗan luguf, a ƙaramar sifika sai ka ji gunji kawai. Rage ƙasan sauti a amfilifaya, ka ɗaga na tsakiya, ka riƙa kaɗawa kusa da gindin tsirkiya, za ta fito sarai.

Babbar matsalar tsirkiya ce. Wadda aka fi samu a shago ta doguwa ce. In ka ɗaura ta a gajeriya, ɓangaren mai kauri zai naɗe a maɗauri, yana iya tsinkewa nan take. Don haka kafin ka biya kuɗin jitar, ko a Sabon Gari ne ko ta intanet, tambayi mai sayarwa ko yana da tsirkiyar inci 30, ka sayi saiti biyu. In ta tsinke maka da dare a Riruwai, ba inda za ka samo wata.

Sai hunturu. Bushewar iska na motsa itacen wuya, damina ta sake motsa shi, sai tsirkiya ta fara zizar ƙarfe ko ta yi nisa da yatsa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da ɗan makulli. Kwata ɗaya na zagaye ya isa, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara.