Awara

Awara abinci ce da ake yi da waken suya, ana kuma kiranta ƙwai da ƙwai. A birnin Katsina ana sayen waken da mudu a Babbar Kasuwa, mata su sarrafa shi a gida, a soya a sayar.

Yadda ake yi

Ana jiƙa wake, a markaɗa, a tace, a tafasa ruwan. Sai a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a matse a ƙyalle, a yanka, a soya a man gyaɗa. Ana cinta da yaji, kabeji da albasa, wasu kuma su haɗa da taliya.

Amfani

Busasshen waken suya yana ɗauke da furotin kusan kashi 36 cikin 100. Shi ya sa awara ke maye gurbin nama a gidajen da nama ya yi musu tsada.

A wasu ƙasashe

A ƙasar Sin aka fara yin irinta, wato tofu. A tsibirin Java na Indunusiya kuwa, ana barin dafaffen wake ya ruɓa kwana 1 zuwa 2, kamar daddawa, har ya manne ya zama tempeh.